Jita da Rikoda a Garwa, Jiya da Yau

A shekarar 1978, lokacin da aka gina filin ƙwallo na Rumde Ajiya, duk wanda ya ce zai je ya zaɓi jitar lantarki a Garwa dariya zai ba mutane. Ai sai abu ya kai biyu ake maganar zaɓi. Jitocin da ke garin a wancan zamani ba su da yawa, kuma galibinsu ba mallakar masu kaɗa su ba ne. Wata ta mai mashaya ce, wata ta coci, wata ta ƙungiyar ma'aikata. Makaɗi zai zo da yamma a buɗe masa ɗakin ajiya, ya kaɗa har dare ya raba, ya mayar a kulle. Yau kuwa matashi a garin nan zai zaro waya ya nuna maka jita kala-kala, da rikoda mai shiga aljihu, da makirufo iri-iri, ya ce ka gaya masa wadda ta fi. Tambayar tana da kyau, amma ba a amsa ta daidai sai an san hanyar da aka biyo kafin a iso nan.

Kafin zuwan jita, Garwa ba gari ne da ya rasa kiɗa ba. A ƙofar fadar Lamiɗo akwai algaita da kakaki da ganguna. A wajen biki akwai kalangu da goge. A zauruka da dandali akwai garaya da molo, ana waƙa da Fulatanci da Hausa. Abin lura game da waɗannan makaɗa shi ne, mai molo ba ya sayen molonsa a kanti. Ko dai ya sassaƙa da kansa, ko ya tsaya a kan masassaƙi har a yi masa yadda yake so. Shi zai ja fata, shi zai ɗaura tsirkiya, in ta tsinke shi zai maye ta, da gashin wutsiyar doki a da, daga baya da zaren kamun kifi na masuntan Binuwai. Ya san kayansa ciki da bai, ya san yadda suke yi da damina da yadda suke yi da hunturu. Wannan sanin shi ne abin da ya fara ɓacewa da kayan kiɗa suka koma na saye.

Jitar lantarki ta kunne ta fara shigowa, kafin ta shigo ta hannu. Rediyo da faifan garmaho su suka kawo rumbar Kwango, kiɗan Franco da ƙungiyarsa OK Jazz da aka kafa a 1956, da na Dokta Nico. Ma'aikata da sojoji 'yan kudu da aka turo arewa suka zo da makossa da bikutsi. Da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, kaya daga Duwala suka rage wahalar zuwa. Duk da haka, a gidajenmu da yawa ana ganin jita a matsayin kayan mashaya. Yaron da aka gani da ita a kafaɗa, kafin ya iso gida labari ya riga shi, kuma ba yabo ne ke jiransa ba. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka koya, a ɓoye suka koya, da jitar gwangwani da wayar birkin keke.

Amma arewacin Kamaru yana da rabonsa a tarihin jitar ƙasar, rabon da ba kowa ya sani ba. Ƙungiyar Los Camaroes a Marwa ta faro, a ƙarshen shekarun 1960, kafin ta gangara Yawunde. Babban mai jitarta, Messi Martin, shi ne ya yi suna da dabarar danne tsirkiyoyin jita don ta daina doguwar ƙara, ta riƙa fitar da gajeren sauti irin na balafon, wato kiɗan katako na mutanen kudu. Da wannan dabara bikutsi ya hau jitar lantarki. Haka kuma a 1974 da 1975, Hamad Kalkaba, ɗan ƙabilar Musgum daga can ƙuryar arewa, ya ɗauki waƙoƙi tare da Golden Sounds, ƙungiyar makaɗan dakarun fadar shugaban ƙasa, inda ya ɗora kiɗan gandjal na yankinsu a kan jita da ƙahoni. Kamfanin Analog Africa na Jamus ya sake fitar da waɗannan waƙoƙi a 2017, duniya ta saurara. Bayansu Ali Baba, ɗan Garwa, wanda ya rasu a 2004, ya kai rawa da kiɗan arewa har Faris, sannan Isnebo da ƙungiyar Faadah Kawtal suka sa Fulatanci ya zauna daram a kan kayan zamani. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake tunawa da shi saboda tsadar jitar da aka kaɗa masa. Abin da ake tunawa shi ne sun tilasta wa baƙon kaya ya yi magana da harshen gida.

Ɗaukar sauti kuwa ƙofa ɗaya gare ta kafin zuwan kaset, ita ce Rediyo Garwa, wadda ta fara aiki a 1958, tana watsa shiri da Fulatanci da Hausa da Faransanci, ana kama ta a gajeren zango har cikin Najeriya. Mawaƙin da aka kira gidan rediyo ya gama samun suna. Za a jera makaɗa a gaban makirufo ɗaya ko biyu, mai ganga a tura shi can baya don kada ya danne murya, mai molo a matso da shi kusa. In mutum ɗaya ya yi kuskure, kowa ya koma farko. Don haka ba a shiga ɗakin sai an sha gwaji har waƙa ta zauna a hannu. Masu fita ƙauye ɗauko sauti kuma suna rataye da rikoda mai zare irin su Nagra ta Suwizalan, na'ura mai nauyi da tsada wadda ba makaɗin da zai yi mafarkin mallaka. Zaren ma da tsada, shi ya sa a gidajen rediyon Afirka da dama aka riƙa goge tsohuwar ɗauka a ɗora sabuwa. Wanda yake son faifai na kansa kuwa sai ya nufi Duwala, ko Legas, ko Faris.

Kaset ne ya fara karya wannan ƙofa. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai a shekarun 1970 zuwa 1980 rikoda mai batir ta cika gidaje da shaguna a nan. Daga nan kowane biki ya zama wurin ɗauka. A ajiye rikoda a gaban mai goge, a danna maɓallai biyu, gobe kaset yana kasuwa ana kwafa. Sautin cike yake da hayaniya, da guɗa, da kirarin maroƙa, da kukan jarirai, amma rai na cikinsa. A 1979 Tascam ta fitar da Portastudio, na'ura mai ɗaukar layi huɗu a kan kaset na yau da kullum, wadda ta ba mawaƙan Turai da Amurka damar yin faifai a ɗakin kwana. Kaɗan ne irinta suka iso yankinmu. Mu dai rikodar shago muka sani, kuma ita ta yaɗa sunan mawaƙa daga Garwa zuwa Yola da Mubi da Njamena, ko da yake mai kwafa ya fi mawaƙi cin riba.

Sai watan Janairun 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi a dare ɗaya, tun daga tsirkiya har lasifika. Riƙe ƙungiyar mutum shida ko bakwai ya zama nauyin da mai mashaya ba zai iya ba. Ana cikin haka fiyano ya ɓullo daga Kano. Masu kiɗan finafinan Hausa sun kama Yamaha PSR, kuma bayan fim ɗin Sangaya na 1999 wannan sauti ya mamaye ko'ina ake jin Hausa. Mutum ɗaya da fiyano ɗaya ya maye gurbin mai ganga, da mai jita, da mai busa. Mai biki ya ga sauƙi, ya rungume shi. Da kwamfuta ta zo da manhajoji irin su FL Studio da Cubase, ɗaki guda mai labule da fanka ya zama situdiyo, Auto-Tune kuma ya gyara wa kowa murya har aka daina bambance mai iyawa da mai koyo. A shekarun nan jita ta kusa zama kayan coci kaɗai a Garwa.

Daga hamada jita ta dawo da martabarta. Tinariwen na Mali sun ci kyautar Grammy a 2012, Bombino na Agadas ya zagaya duniya, Tal National na Yamai suka nuna cewa jita na iya ɗaukar kiɗan Hausa da Zabarma da Fulani a dandali guda. Labarin Mdou Moctar na Nijar ya fi kusa da namu: jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta memori da Bluetooth, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ɗaya a tarin da ya fitar a 2011. Matasanmu sun ga mutum mai rawani, mai salla, yana riƙe da jitar Stratocaster a manyan dandamalin duniya. Wannan ya sassauta zukatan iyaye fiye da duk wata hujja da za a kawo musu da baki. Zuwa Janairun 2022, da aka buga gasar cin kofin Afirka a Rumde Ajiya, har Najeriya ta doke Masar da ci ɗaya, kusan duk wanda ya shigo filin yana ɗauke da na'urar ɗaukar sauti da hoto a aljihunsa.

To, yanzu da kaya suka samu, da me za a auna su? Na taɓa jin wani matashi ya tambayi wani dattijo da ya daɗe yana kaɗa jita a garin nan, ya ce, "Baba, tsakanin Fender da Gibson wacce ta fi?" Dattijon ya ce, "Ɗana, wadda za ta kai la'asar a watan Afrilu ba ta sauka daga saiti ba." Amsar ke nan a dunƙule. Masu ba da shawara a intanet suna zaune ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, ƙura ba ta shiga ɗaki, kuma kantin tsirkiya na bayan gida. A Garwa zafi na haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Hunturu na busar da katako har ya tsuke, damina ta zo ta kumbura shi. Jitar da ba ta jure wannan juyi ba, ko sunan wa ke rubuce a kanta, ado ce kawai.

Sayen jita kamar sayen doki ne, ƙafa ake dubawa kafin sirdi. Ƙafar jita kuwa wuyanta ne. A ɗaga ta a hango wuyan daga kai zuwa gindi, a tabbata bai murɗe ba. A tabbata sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana juyawa, don da ita ake miƙe shi duk lokacin da yanayi ya canza. A shafa gefen wuyan da hannu, in ƙarafan da ke jere a kansa suna yankar yatsa, katakon ya riga ya tsuke. A kaɗa kowace tsirkiya a kowane gurbi a saurari inda take zizar banza. A ja tsirkiya da ƙarfi a saki, a ga ko saitin ya tsaya. Jita mai dunƙulallen jiki ta fi mai rami a ciki jure bushewar iska, domin mai ramin takan tsage. Jita mai gada mai lilo, wadda ake kulle tsirkiyoyinta da ƙananan kusoshi, tana da kyan gani a bidiyo, amma in tsirkiya ɗaya ta tsinke a tsakiyar biki duk sauran sun bar saiti, kuma in kusa ɗaya ta ɓata babu inda za a samo ta. Mai farawa ya nemi gada mai sauƙi.

Sai batun fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar motsinta. Iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster da ta fito a 1954, sautinsa siriri ne mai kaifi, kowace tsirkiya na fita daban, shi ya sa ya dace da salon rumba da na hamada, kuma shi ya fi kusa da amon molo da garaya. Aibinsa yana kwaso gurnanin wuta, musamman a gidan da ba a yi wa wayoyi hanyar ƙasa ba, ko inda ake aiki da janareta. Mai naɗi biyu, wanda Gibson ta fara sa wa jitocinta a 1957, yana kashe gurnanin, amma sautinsa ya fi kauri da duhu. Akwai jitoci masu haɗa biyun, irin su Yamaha Pacifica da wasu na Squier da Ibanez, kuma ga mai jita ɗaya tilo da zai shiga coci ko biki ko situdiyo da ita, wannan haɗi ya fi amfani. A kuma yi hattara da jabu. Kasuwa cike take da jitoci masu ɗauke da manyan sunaye a farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Gara ƙaramin suna na gaskiya da babban suna na ƙarya, kuma tsohuwar jita ta gwanjo da ta riga ta sha hunturu ta tsaya, sau da yawa ta fi sabuwa fil a kwali.

Amfilifaya kuma da wutar gari ake auna ta. Wutarmu mai ƙarfin 220 ce, kayan da aka yi don Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne, kuma mutane da yawa sun ƙona kaya ranar farko don ba su karanta bayan akwati ba. Wutar arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Garwa, wadda aka kammala a 1982, kuma in ruwa ya ja baya da rani wuta takan yi ƙaranci. Don haka sitabilaiza wajibi ce, ba ƙawa ba. Amfilifaya mai kwalabe tana da daɗin sauti, amma tana da zafi, tana da saurin lalacewa a kan hanya mai gargada, kwalaben kuma sai an yi odarsu. Mai transisto kuwa duk mai gyaran rediyo a kasuwa zai buɗe ta ya gane. Ƙaramar amfilifaya mai aiki da batir, irin Roland Micro Cube, ta fi babbar da ke zaune shiru tana jiran a kawo wuta.

Haka lissafin yake a wajen rikoda. Tun da Zoom ta fitar da H4 a 2006, ƙananan rikodoji masu makirufo biyu a ka suka yawaita, na Zoom da na Tascam. Abin dubawa shi ne ta yi aiki da batir na yau da kullum da ake samu a kowane shago, ta karɓi memori, ta kuma sami wurin sa abin ji na kunne, domin wanda ke ɗauka ba ya saurare, a makance yake aiki. Hular gashi da ake sa wa makirufo ba ta da tsada, amma in babu ita iskar hunturu za ta cinye waƙar. Makirufo mai tsananin ji na situdiyo zai kwaso ƙarar 'yan acaɓa, da janaretan maƙwabta, da fanka. Irin su Shure SM57 da SM58, waɗanda ake ƙerawa tun tsakiyar shekarun 1960, abin da ke gabansu kawai suke ji, kuma suna jure faɗuwa da ƙura. Ɗakin ma yana cikin kayan aiki. Ɗakin laka mai tabarma da labule ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, inda sauti ke dukan bango yana dawowa. A ɗauka da tsarin WAV, a ajiye asalin a wuri biyu, domin abin da aka tura ta WhatsApp a matsayin saƙon murya an riga an matse shi, ba ya komawa yadda yake.

In aka haɗa lissafi, ribar wannan zamani a fili take. Ba sai mawaƙi ya jira gidan rediyo ya kira shi ba, ba sai ya durƙusa wa mai mashaya ba, mace ma na iya ɗaukar waƙarta a cikin gida ba tare da ta shiga wurin da za a yi mata surutu ba. Hasarar ita ma a fili take. An rage zama a kaɗa tare, inda mai ganga ke kallon hannun mai jita. Kwamfuta na daidaita bugu a kan layi, alhali daɗin kalangu yana cikin ɗan jinkiri da ɗan gaggawar da hannu ke yi. Gogen da ke cikin fiyano sunan goge kawai gare shi. Mafi ciwo, a daidai lokacin da rikoda ta yi araha, a lokacin ne tsofaffin masu molo da garaya da algaita ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, a Garwa da Gidar da Pitowa da Rai Buba, ba tare da an ɗauki ko waƙa ɗaya tasu da kyau ba.

Saboda haka kirana ga matasan da ke tara kuɗin sayen kaya shi ne, ku sayi jitar da za ta jure garinku, wadda mai gyara na kusa zai iya taɓawa, ku ware wani abu na tsirkiya da jaka mai hana ƙura. In kun sayi rikoda, kada ta ƙare a kan muryarku kaɗai. Ku je wurin tsofaffin makaɗa da ladabi, ku nemi izininsu, ku biya su haƙƙinsu, ku rubuta sunan mai kiɗa da garinsa da ranar ɗauka, ku bar wa iyalinsa kwafi. Sannan ku zauna ku koyi abin da yatsunsu ke yi, ku ɗora shi a kan jita. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai kwaikwayon Amurka ko Kinshasa yana da dubban abokan takara, amma wanda ya iya kaɗa molon Binuwai a kan jitar lantarki ba shi da na biyu a duniya.